Darasi na 14: Takobin Bitrus da Gicciyen Almasihu

Wurin karatu: Matta 26:47-56, da Luka 9:18-26, 51-56. Mai koyarwa ya sa a karanta su da murya, a hankali, tun ba a shiga darasi ba, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji sosai.

A daren da aka ba da Yesu ga maƙiyansa, taro ya zo gonar Getsamani da takuba da kulake, sai ɗaya daga cikin almajirai ya zare takobi ya sare wa bawan babban firist kunne. Matta bai faɗi sunan almajirin ba. Yohanna ne ya gaya mana, cikin sura 18, Bitrus ne, bawan kuwa sunansa Malkus. Luka kuma, da ya ke likita ne, bai manta ya rubuta yadda Yesu ya taɓa kunnen ya warkar da shi ba. Kada mu yi saurin ganin laifin Bitrus, gama ƙauna ce ta zare takobin nan. Wanda aka zo kamawa ba shi da laifi ko ɗaya, waɗanda suka zo kuwa da zalunci suka zo. In da akwai wata rana tun farkon duniya da ta isa a yi yaƙi saboda Allah, ai daren nan ne. Duk da haka Ubangiji ya umarce shi ya mai da takobin kube, ya kuma tuna masa, da taimakon yaƙi ya ke nema, da Uba ya aiko masa da rundunan mala'iku fiye da goma sha biyu.

Yau za mu duba wani zamani da ikilisiyar Turai ta sake zare takobin Bitrus, ba ta mai da shi kube ba har shekara wajen 200, daga 1095 zuwa 1291. Ana kiran wannan Yaƙe-yaƙen Gicciye. Wataƙila wani zai ce, ina ruwanmu da abin da Turawa suka yi tun kakannin kakanninmu ba su san sunan Almasihu ba? Da ruwanmu. Da sunan Ubangijinmu aka yi shi, maƙwabtanmu Musulmi masu ilimi kuwa sun san labarin sarai, ba daidai ba ne su fi mu saninsa. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye zunubin Dauda ba, bai ɓoye musun Bitrus ba. Mu ma ba mu da izinin ɓoye namu.

Yadda abin ya fara

Urushalima ta shiga hannun Musulmi a zamanin Halifa Umaru, wajen shekara ta 638. Masu bi na Gabas suka ci gaba da zama a cikinta suna biyan jizya, masu ziyara kuma suna ta zuwa daga Turai don su ga wuraren da Yesu ya yi tafiya. Wani lokaci da sauƙi, wani lokaci da wuya. A 1009 Halifa Alhakim na Masar ya sa aka rushe majami'ar da ke kan kabarin Ubangiji, amma aka sake gina ta bayan mutuwarsa. Sa'an nan Turkawa suka taso daga gabas, suka ci rundunar sarkin Rum a 1071, suka mamaye yawancin ƙasar da Bulus ya yi wa'azi a cikinta. Sarkin Rum na Gabas, Aleksiyus, wanda ke zaune a Kustantiniya, birnin da a ke kira Istambul yanzu, ya aika wa Paparoma yana neman mayaƙa su taimake shi.

A watan Nuwamba na 1095 Paparoma Urban na Biyu ya yi wa'azi a garin Kilermon ta ƙasar Faransa. Ya kira barade su bar kashe juna, su tafi su taimaki 'yan'uwansu na Gabas. Har nan, mutum zai iya cewa taimakon maƙwabci ne. Amma ya ƙara wani abu wanda shi ne tushen ɓarnar duka: aka zartar, duk wanda ya tafi Urushalima saboda ibada, ba don neman suna ko kuɗi ba, tafiyar za ta tsaya masa a madadin dukan horon da ikilisiya ta ɗora masa saboda zunubansa. Malamai sun san bambancin horo da gafara. Talaka da barde ba su sani ba. Abin da suka ji shi ne, ka je ka yi yaƙi, a wanke maka zunubi. Taron ya ɗauki kuwwa cewa nufin Allah ne, mutane suka yayyanka tsumma suka ɗinka alamar gicciye a kafaɗun rigunansu. Daga nan sunan ya fito.

Ayar da masu wa'azin yaƙin suka fi dogara da ita, ita ce wadda muka karanta cikin Luka 9:23, inda Yesu ya kira mai binsa ya ƙi kansa ya ɗauki gicciyensa. Ku dubi ayar da kyau. A zamanin Romawa kowa ya san mutumin da ke ɗauke da gicciye: wanda aka yanke wa hukuncin kisa ne, an ɗora masa itacen, yana tafiya wurin da za a kashe shi. Kalmar Helenanci da aka juya da ɗauka, ɗaukar kaya ce, irin ta ɗan dako. Luka kuma ya ƙara cewa kowace rana ne. Mai ɗauke da irin kayan nan hannuwansa biyu ba su da sararin riƙe takobi. Amma gicciyen tsumma ba shi da nauyi, ya kan bar wa mutum hannu biyu sake.

Ban ce mutanen nan duka munafukai ne ba. Da yawa sun jinginar da gonakin gādo suka sayi doki da sulke, suka yi ban kwana da matansu da hawaye, yawancinsu kuwa ba su samo dukiya ba, da yawa ma ba su komo ba. Tsoron Jahannama ya kore su daga gida, suna neman gafara da gaske. Wannan shi ya fi ba ni tsoro cikin labarin. Mugu ya san shi mugu ne, wata rana lamirinsa ya iya tsai da shi. Amma wanda ya gaskata kisa ibada ce, me zai tsai da shi?

Jinin farko ba na Turkawa ba ne. A 1096, tun rundunan ba su fita Turai ba, wasu ƙungiyoyi suka fāɗa wa Yahudawan garuruwan bakin kogin Rayin a Jamus, kamar Worms da Mainz, suka karkashe maza da mata da yara, ko da ya ke wasu bishop-bishop sun yi ƙoƙarin ɓoye su cikin gidajensu. Taron talakawa da suka bi wani mai wa'azi, Bitrus ɗan zuhudu, Turkawa suka hallaka su a watan Oktoba na shekarar, jim kaɗan bayan sun ƙetare zuwa Asiya.

Urushalima, 1099

Rundunar sarakuna ta bi baya. Suka sha yunwa da ƙishirwa, suka yi wata bakwai da ɗoriya suna kewaye da Antakiya kafin su ci ta a 1098. Ran 15 ga Yuli, 1099, suka hau garun Urushalima. Ku lura, a lokacin birnin ba ya hannun Turkawan da aka ce a zo a yaƙa. Mutanen Masar sun riga sun ƙwace shi daga gare su shekara guda kafin nan. Wannan bai hana kome ba. Aka karkashe Musulmi da Yahudawa cikin tituna da gidaje. Waɗansu sun hau rufin Masallacin Aƙsa, wani shugaban yaƙi mai suna Tankired ya ba su tutarsa alamar amana, amma da gari ya waye aka hau aka kashe su. Da aka gama, mayaƙan suka tafi kabarin Ubangiji suna kuka don murna, suna yi wa Allah godiya. Su da kansu suka rubuta wannan, ba maƙiyansu ba.

A tsaya nan a yi tunani. Kabarin nan ba kowa a ciki. Mala'iku sun riga sun gaya wa matan da suka zo da sassafe cewa wanda su ke nema ya tashi. Yesu kuma ya gaya wa Basamariya a bakin rijiya, cikin Yohanna 4, lokaci yana zuwa da sujada ba za ta rataya ga wani dutse ko ga Urushalima ba. Ashe an zub da jinin mutanen da Almasihu ya mutu dominsu, don a mallaki ramin da shi kansa ya kwana biyu kawai a ciki ya fita.

Turawa suka kafa mulkoki huɗu a Gabas. Masu bi na ƙasar, waɗanda aka ce an zo ceto, suka ga an ɗora musu shugabannin ikilisiya 'yan Turai a Urushalima da Antakiya a maimakon nasu. A 1144 Musulmi suka ci Edessa, aka yi shelar yaƙi na biyu, ya watse a bakin Dimashƙu a 1148 ba tare da ya amfana kome ba.

Sai Salahuddin ya taso, Bakurde, ya haɗa Masar da Suriya a hannunsa. Ran 4 ga Yuli, 1187, ya ragargaza rundunar Turawa a Hattin, kusa da Tekun Galili, ran 2 ga Oktoba kuma ya shiga Urushalima. Shi ma ba mala'ika ba ne: bayan Hattin ya sa aka sare kawunan kamammun barade na ƙungiyoyin addini biyu, a Urushalima kuma waɗanda suka kāsa fansar kansu, dubbai, aka mai da su bayi. Amma bai yi kisan da aka yi a 1099 ba. Ya sa fansa, dinari 10 ga namiji, 5 ga mace, ya saki waɗansu kyauta, ya bar majami'ar kabarin a tsaye. Shekara huɗu bayan haka Richad sarkin Ingila, mai gicciye a kafaɗa, ya sa aka yanka kamammun Musulmi wajen 2,700 a bakin Akka, don an yi jinkirin biyan fansarsu. Ku karanta Romawa 2:24, ku ga abin da ke samun sunan Allah sa'ad da jama'arsa suka yi haka a gaban al'ummai.

Takobi kuwa, in ya saba da jini, ba ya tambayar addinin wuya. Rundunar yaƙi na huɗu ta ci bashin jiragen ruwa wurin attajiran Fenis, ta kāsa biya. Don rage bashin suka ci Zara, garin masu bi, a 1202. A watan Afrilu na 1204 suka fāɗa wa Kustantiniya kanta, birnin da ya fi kowane birnin Kirista girma a duniya, birnin da ya nemi taimako tun farko. Kwana uku suna washe shi, suka farfashe bagadin babbar majami'a suka raba, suka ci mutuncin mata. Paparoma Innosan na Uku ya yi fushi ya rubuta musu da zafi, amma aikin gama ya gama. Birnin bai sake komawa ƙarfinsa ba har Turkawa suka ci shi a 1453. Sai a 2001, a Atina, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya bayyana baƙin cikinsa a kan wannan a gaban shugaban ikilisiyar Girka. Shekara wajen 800 rauni yana jira.

Mutum biyu ba makami

Yanzu mu zo ga abin da ya sa na ce a karanta Luka 9. A 1218 rundunar yaƙi na biyar ta sauka Masar, ta kewaye Dimyat, gari mai garu a bakin wani reshen Kogin Nilu kusa da teku. Sarkin Masar a lokacin shi ne Almalikul Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin. Fiye da shekara guda ana fama, cuta tana cin sansani, yunwa tana cin gari. Sarki Kamil ya aiko da maganar sulhu: in sun fita Masar zai ba su Urushalima. Yohanna na Biriyen, wanda ke riƙe da sarautar Urushalima, ya so a karɓa. Wakilin Paparoma, Falajiyus, tare da waɗansu manyan mayaƙa, suka ƙi, suna cewa ba za a iya tsare birnin ba tun da an rushe garunsa, sarki kuma ya riƙe kagara biyu na hayin Urdun. Hujjarsu ta soja ba wofi ba ce. Amma ga abin da aka fito nema an miƙo, an ƙi, ana hangen Alƙahira.

Cikin wannan sansani, a 1219, wani ɗan ƙaramin mutum ya iso, sanye da riga mai kaushi, ya yi ɗamara da igiya. Sunansa Firansis, mutumin Asisi ta Italiya. Ubansa attajiri ne mai sayar da tufafi. Shi ma ya san yaƙi, gama yana saurayi ya fita yaƙin garinsu da Farujiya a 1202, aka kama shi, ya yi wajen shekara guda a kurkuku. Daga baya Ubangiji ya juya zuciyarsa, ya fara yi wa kutare hidima, waɗanda dā ko ganinsu ba ya iya yi, ya tuɓe tufafin ubansa a gaban bishop ya mayar masa, ya zama matalauci da gangan. Waɗansu suka bi shi, suna kiran kansu ƙananan 'yan'uwa.

Ran 29 ga Agusta, 1219, Turawa suka kai hari suka sha kāshi ƙwarai. Aka tsai da yaƙi na ɗan lokaci. A wannan tsakani Firansis ya ɗauki ɗan'uwa guda, Illuminatus, suka fita daga sansani da ƙafa, ba takobi ba garkuwa, suka nufi sansanin Musulmi. 'Yan gadi suka kama su, suka wulakanta su, sa'an nan suka kai su gaban sarki.

Bishop na Akka, Yakubu na Vitry, yana cikin sansanin Turawa a lokacin, ya kuwa rubuta labarin cikin wasiƙa a 1220. Ya ce Firansis ya yi kwanaki yana yi wa sarki da mutanensa wa'azin Almasihu, amfanin da aka gani kaɗan ne, amma sarki ya roƙe shi a asirce ya yi masa addu'a Allah ya bi da shi ga addinin da ya fi gamsar da shi. Waɗansu marubuta na zamanin sun ƙara cewa sarki ya miƙa masa kyautai masu daraja, Firansis ya ƙi karɓa. Aka rako su da girmamawa har bakin sansaninsu. Akwai labarin da a ke yawan zanawa, wai Firansis ya ce a hura wuta ya shiga don a ga addinin gaskiya. Wannan sai bayan shekara 40 da wani abu ya bayyana a rubuce, kada ku jingina a kansa.

Kada kuma mu ƙara wa labarin gishiri. Sarki Kamil bai tuba ba, ya mutu Musulmi a 1238. Yaƙin bai tsaya ba. Firansis bai bar wata takarda da ta la'anci yaƙin ba. Abin da ya yi kaɗai, ya tafi wurin mutumin da dubban Kirista suka zo kashewa, ya dube shi kamar rai wanda Almasihu ya mutu dominsa, ya gaya masa bishara baki da baki, ya sa wuyansa a hannun mutumin. Cikin dukan sansanin nan, mai cike da riguna masu gicciye, a ganina a nan ne aka ɗauki gicciye irin na Luka 9. Shekara 120 ana zuwa Gabas da sunan Yesu, amma sau nawa wani sarkin Musulmi ya ji labarin Yesu daga bakin wanda bai zo ƙwace masa ƙasa ba?

Ran 5 ga Nuwamba aka ci Dimyat. Da aka shiga, aka tarar yunwa da annoba sun cinye mutanen garin, 'yan dubbai kaɗan suka ragu. A daminar 1221, lokacin da Nilu ke cika, Falajiyus ya matsa aka tashi zuwa Alƙahira. Mutanen Masar sun san koginsu. Suka buɗe madatsai, ruwa ya malale ƙasa, rundunar ta maƙale cikin taɓo kusa da Mansura, ba gaba ba baya, ba abinci. Sarki Kamil yana da iko ya hallaka su duka. Ya karɓi Dimyat, ya yi amana da su ta shekara takwas, ya kuma riƙa aika musu da gurasa, da sha'ir don dabbobinsu. Wani malamin Jamus, Oliba, wanda ke cikin rundunar, ya rubuta wannan da mamaki, yana tuna su ne suka kashe wa mutanen nan 'ya'ya da 'yan'uwa. Ku buɗe Romawa 12:20 ku ga abin da manzo ya ce a yi wa maƙiyi mai jin yunwa, sa'an nan ku faɗi wanda ya aikata shi a ranan nan.

Saura kaɗan ne. A 1229 sarkin Jamus, Firedarik na Biyu, ya sami Urushalima daga hannun Kamil ɗin nan ta wurin yarjejeniya, ba a zub da jini ba, Musulmi suka riƙe masallatansu. Shi kuwa a lokacin Paparoma ya fitar da shi daga tarayyar ikilisiya. Birnin ya sake kuɓucewa a 1244. Sarki Baibars na Masar ya ci Antakiya a 1268 da kisa mai ban tsoro, garin da aka fara kiran almajirai Kirista. Akka ta fāɗi a 1291, mulkin Turawa a Gabas ya ƙare. Masu bi na ƙasar, Kibɗawa da Suriyawa da sauransu, su aka bari da zargi da nauyin haraji, gama ana ganinsu kamar dangin maharan. 'Yan'uwan Firansis kuwa suka komo Urushalima ba makami, a 1342 aka danƙa musu lura da wurare masu tsarki a madadin ikilisiyar Roma, suna can har yau.

Abin da Firansis ya koya wa 'yan'uwansa

Bayan ya komo Italiya, cikin ƙa'idar da ya rubuta wa 'yan'uwa a 1221, Firansis ya keɓe sura guda don waɗanda za su zauna cikin Musulmi. Ya nuna hanya biyu. Ta fari, kada su yi gardama ko jayayya, su yi biyayya ga kowa saboda Allah, su kuma shaida a fili su Kirista ne. Ta biyu, sa'ad da suka ga ya gamshi Ubangiji, su yi shelar maganar Allah. Daga wasiƙar Bitrus ta fari, 2:13, ya ɗauko maganar biyayya. Ku lura da wanda ya rubuta wasiƙar: mai takobin Getsamani ne, ya tsufa, ya koyi darasinsa. Shi ne kuma ya ce cikin 3:15 a ba da amsa da tawali'u.

Ba duka suka gane ba. A Janairu na 1220 aka kashe 'yan'uwa biyar a Marrakesh ta Maroko, bayan sun yi ta zagin addinin mutanen a bainar jama'a, an kore su sun komo. Ba na rena jininsu. Amma Yakubu na Vitry ya lura da wani abu: Musulmi su kan saurari 'yan'uwan nan da yardar rai muddin suna maganar Almasihu, sai sun fara ɓata sunan Annabinsu a kan doke su a kore su. Harshe ma takobi ne. Mai wa'azin kasuwa wanda ya ɓata sa'a guda yana zagin abin da maƙwabcinsa ke girmamawa, ya bar minti biyar don Yesu, ya sare kunnen Malkus; da wane kunne mutumin zai ji bishara?

Yaƙub da Yohanna sun so su kira wuta daga sama a kan ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu. Suna da misalin Iliya a hannu, suna da kishin Ubangiji. Ya juya ya tsauta musu, suka wuce wani ƙauye. Cikin Ayyukan Manzanni 8 za ku ga Yohanna ɗin nan ya koma Samariya tare da Bitrus, yana ɗora wa mutane hannu su karɓi Ruhu Mai Tsarki. Da an ba shi wutar da ya roƙa, wa zai tarar?

Na sani a cikin masu karanta darasin nan akwai sojoji da 'yan sanda, musamman a majami'un bariki, za su kuwa tambaya ko aikinsu zunubi ne. Yohanna Mai Baftisma bai ce wa sojoji su ajiye aiki ba, ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce su ƙoshi da albashinsu. Karniliyus jarumin soja ne, aka yi masa baftisma. Romawa 13 ta ce hukuma ba a banza ta ke riƙe da takobi ba. Wannan takobi na hukuma ne, don tsare kowa, Kirista da Musulmi da wanda ba shi da addini, yana kuma ƙarƙashin doka. Ba a ba ikilisiya shi ba, ba ya wanke zunubi, ba ya faɗaɗa mulkin Almasihu ko da taƙi guda. Yesu ya gaya wa Bilatus haka cikin Yohanna 18:36.

Na sani kuma akwai waɗanda aka ƙone musu majami'a, akwai waɗanda suka binne nasu. Ba na yi muku magana kamar abin wasa ne. Mutum ya tsare ƙofar gidansa, ya fitar da iyalinsa daga haɗari, ya kai ƙara, ya nace sai hukuma ta yi aikinta, ba wanda zai ce ya yi laifi. Amma ranar da labari ya zo daga gida cewa an yi kisa, samari suka taru suna cewa a rama, ku tuna da Yahudawan Worms. Maharan suna nesa, wanda ke kusa shi ne mai shayin bakin titi, da mai gyaran takalma, da mai sayar da albasa wanda kuka yi shekara goma kuna ciniki da shi. A ranan nan wani zai tashi da aya a bakinsa. Dattawan ikilisiya su riga shi tashi.

Don tattaunawa

Mutanen 1095 suna neman gafarar zunubi da gaske. Ku karanta Ibraniyawa 9:11-14, ku faɗi abin da za ku gaya wa barden da ke shirin jinginar da gonarsa.

Cikin hanyoyi biyu na Firansis, wace ce ta fi wuya a unguwarku, zama ba gardama, ko shaida a fili kai na Almasihu ne? Kowa ya amsa don kansa, kada ya amsa don maƙwabcinsa.

In labarin tashin hankali ya iso ran Lahadi da safe, wa zai yi wa matasa magana a ikilisiyarku, wa kuma zai tafi wurin limamin unguwa? In ba a taɓa shirya wannan ba, a sa ranar da dattawa za su zauna a kai.

A rufe da addu'a domin masu bi na Masar da Suriya da Falasɗinu, kowa kuma ya ambaci maƙwabcinsa Musulmi guda a zuciyarsa a gaban Allah. Kafin mako mai zuwa a karanta wasiƙar Bitrus ta fari, sura 2 da 3.